Za Mu Shiga Dajin Gashaka Gumti a Ƙasa: Wane Shiri Ya Kamata Mu Yi Saboda Namun Daji?

Malamin Makaranta, Kano:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe da manya da ƙanana na wannan zaure, kuma ina neman shawarar waɗanda suka san daji da ƙafarsu. Ni malamin labarin ƙasa ne a wata makarantar sakandare, kuma na daɗe ina koya wa ɗalibai cewa Chappal Waddi, mai tsayin mita 2,419, shi ne dutse mafi tsawo a Najeriya, alhali ban taɓa taka Jihar Taraba ba. Bana ni da abokan aikina huɗu mun yi adashi, mun ƙudurta cewa idan Allah ya kai mu hutun Disamba za mu je gandun dajin Gashaka Gumti, inda dutsen yake, mu yi kwana uku ko huɗu muna tafiya a ƙasa, muna kwana a tanti. A kan hanya muna so mu tsaya Yankari mu yi kwana biyu, sannan mu bi ta Gombe da Numan da Jalingo har Serti.

Da na sanar da mahaifiyata, sai ta tambaye ni ko dajin zaki da damisa zan kai kaina, ni kuma na rasa amsar da zan ba ta, domin mu biyar ɗin nan duk 'yan birni ne, ba mu san naman daji ba sai a gidan zu. Ɗaya daga cikinmu ya ce mu nemi bindigar harba-ka-ruga mu tafi da ita, wani kuma an ba shi ƙullin garin magani da aka ce yana karya dafin maciji. Ina roƙon a faɗa mini gaskiya: wace dabba ce ta fi zama haɗari ga mai tafiya a ƙasa, me ake yi idan an yi kiciɓis da ita, kuma me ya kamata mu riƙe a jaka?

Tsohon Jagora, Serti:

Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta malam, ka yi daidai da ka tambaya tun kana gida. Na yi shekaru ina raka baƙi cikin wannan daji kafin gwiwa ta hana ni, saboda haka zan faɗi abin da idona ya gani.

Ka kwantar wa Hajiya da hankali game da zaki da damisa. A ɓangaren kudu, inda za ku shiga, ban taɓa yin karo da zaki ba. Damisa tana nan, na sha ganin sawunta a laka da safe, na kuma sha jin gurnaninta da dare kamar ana jan zarto a kan katako, amma dabba ce mai gudun mutum, kuma kafin ka gan ta sau ɗaya ta gan ka sau ɗari ta kauce. Biri mai ganga, wato chimpanzee, wanda Turawa masu bincike suke zuwa daga nesa dominsa, shi ma sai an yi wahala ake ganinsa. Dabbobin da suke sa jagora ya kasa runtsawa su ne ɓauna da dorina, kuma duk biyun ciyawa suke ci.

Ɓaunar da take cikin garke ba ta cika tsayawa faɗa ba, da ta ji warin mutum sai garken ya kwasa. Abin tsoro shi ne kutunkun ɓauna, wato tsohon namiji da ya ware shi kaɗai, ko wanda tarkon waya na maharba ya ji wa ciwo a ƙafa. Irin wannan yana kwanciya a duhuwa kusa da ruwa idan rana ta take, kuma idan ka faɗo masa ba zato, ba ya yin gargaɗi. Don haka ne muke tafiya a layi ɗaya, jami'in gandun daji a gaba, kowa yana ganin bayan na gabansa, ba a surutu mai ƙarfi kuma ba a sa abin sauraren waƙa a kunne. Idan kuka ji carki ya tashi daga cikin ciyawa yana kuka, ku tsaya cak, domin tsuntsun nan a bayan babbar dabba yake zama yana cin kaska, kuma a inda babu shanu to ɓauna ce. Haka nan idan kuka ga kashi kamar na saniya yana ɗanye, ƙuda na binsa. A irin wannan wuri ana ja da baya ne a hankali ta hanyar da aka zo, ido yana neman bishiyar da za a iya hawa. Ba a tsere da ɓauna a fili, ba wanda zai iya.

Dorina kuwa mutane suna raina ta saboda suna ganinta kwance cikin ruwa kamar dutse. Da dare take fitowa kiwo, tana iya yin nisa sosai da kogi, sannan ta komo da asuba ta kan turbarta. Turbar tana da sauƙin ganewa: faffaɗa ce, mai layi biyu da ɗan tudun ciyawa a tsakiya, kuma za ka ga kashin da ta watsa da wutsiya a jikin ganye. Wata asuba a bakin Mayo Kam, wani baƙo da na raka ya riga mu tashi, ya ɗauki buta ya gangara ta irin wannan turba zai yi alwala. Allah ya sa na farka na bi shi, na kamo rigarsa na jawo shi bayan wata ƙatuwar bishiya ba tare da na ce uffan ba. Ba mu yi minti biyu ba sai ga ta ta biyo turbar, jikinta duk raɓa, muna jin numfashinta, ƙasa tana amsawa, ta wuce ta faɗa ruwa. Butar da ya yar a hanya mun tsince ta a baje. Ka'idar ita ce kada mutum ya taɓa shiga tsakanin dorina da ruwa, kada a kafa tanti a kan turbarta, kuma idan ta wangale baki, ba hamma take yi ba, kashedi ne.

Ruwan da yake da dorina sau da yawa yana da kada. Ku riƙa ɗibar ruwa da rana tsaka, da guga ko bokiti mai igiya, ku koma nesa da gaɓa ku yi alwala ko wanki, kuma kada ku riƙa ɗiba a wuri ɗaya kullum a lokaci ɗaya, domin kada yana lura da al'adar abin da yake zuwa mashaya. Wanka kuwa sai inda jagora ya nuna.

Batun bindiga, ku bar shi kwata-kwata. Doka ta hana shiga gandun daji da makami, kuma wanda bai saba ba idan ya harbi ɓauna da harba-ka-ruga, raunata ta kawai zai yi, ya jawo wa kansa da na bayansa masifa. Ku je ofishin gandun a Serti ku yi rajista, a haɗa ku da jami'i da masu ɗaukar kaya 'yan yankin. Dajin ya haura murabba'in kilomita 6,400, babu wanda ya fi shi girma a cikin gandayen dajin ƙasar nan, kuma da ɗan gari akan ci gari.

Ma'aikaciyar Jinya, Gombe:

Salamu alaikum. Baba Jagora ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara lafiya. Ni zan yi magana a kan abin da yake ƙarƙashin ƙafa, domin a aikina ban taɓa karɓar wanda zaki ya kama ba, amma waɗanda maciji ya sara ba zan iya ƙirga su ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 81,000 zuwa 138,000 ne suke mutuwa duk shekara saboda saran maciji, kuma a 2017 ta sa shi cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa riƙon sakainar kashi. Malam, hanyar da za ku bi za ta ratsa ta Kaltungo, inda asibitin masu saran maciji yake, wanda yake karɓar dubban mutane a shekara. Wannan kaɗai ya isa ya nuna muku irin ƙasar da za ku shiga.

Macizai uku ne ya kamata ku sani. Na farko kububuwa, wadda ake yi wa laƙabi da gobe-da-nisa. Ƙarama ce, da ƙyar take wuce rabin mita, launinta ya saje da ƙasa da busasshen ganye, tana son wuraren duwatsu, kuma ta fi yawo bayan faɗuwar rana. Dafinta yana hana jini daskarewa, shi ya sa mutum zai iya zuwa da ƙafarsa yana hira, alhali dasashinsa yana tsattsafar da jini, tsohon miki ya buɗe, fitsari ya canza launi. Na biyu kasa, mai kauri da nauyin jiki, wadda ba ta gudu idan ta ji tafiya, sai ta lafe a kan hanya har a taka ta, kuma dafinta yana kumbura gaɓa ya ruɓar da nama. Na uku kumurci, mai fasa kai yana feso dafi cikin ido daga nisan mita biyu ko fiye.

Yawancin saran da muke gani a ƙafa ne, daga idon sawu zuwa ƙwauri, sai kuma hannu. Saboda haka rigakafin ba mai tsada ba ne: takalmi sau-ciki mai rufe idon sawu, safa mai kauri, dogon wando mai ɗan faɗi, sanda, da tocila mai haske ga kowane mutum, ba guda ɗaya ga ayari ba. Kada wanda ya fita bayan gida da dare da silifas. Kada a zura hannu cikin rami ko suri ko kogon bishiya, kada a tattara itacen girki bayan magariba, kuma idan an tarar da gungume a hanya a hau kansa a duba kafin a sauka, kada a tsallake shi a makance. A kakkaɓe takalmi kowace safiya saboda kunama, a zuge tanti ko da fitar minti ɗaya za a yi.

Idan kuwa ƙaddara ta faɗa, abin da ba a yi ya fi abin da ake yi yawa. Ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ƙonawa, ba a ɗaure gaɓa tamau. Na taɓa karɓar wani matashi manomi da aka ɗaure wa dantse da robar tayar keke tun hantsi, aka yi masa tsaga wajen goma da reza aka cusa garin magani, ba a kawo shi ba sai bayan isha'i. Hannun ya yi baƙi ya yi sanyi, tsagar nan kuwa kowace tana zubar da jini ba tsayawa, zanen da aka naɗe shi da shi ya jiƙe sharkaf. An ceci ransa, amma yatsu biyu ba su tsira ba, kuma ɗaurin ne ya ci su.

Abin da ake yi shi ne a janye mutum daga wurin, a kwantar masa da hankali, a cire zobe da agogo da duk abin da zai matse idan kumburi ya zo, a sa wa gaɓar karan ɗori don kada ta motsa, a ɗauke shi a kan makara ko babur maimakon ya taka, a rubuta lokacin da abin ya faru. Idan yana amai a kwantar da shi ta gefe. Don zafi a ba shi farasitamol kawai, ban da asfirin da ibuprofen da diclofenac, domin suna ƙara zubar jini. Kada a ɓata lokaci wajen farautar macijin; idan an samu hotonsa daga nesa ya wadatar. Wanda kumurci ya fesa wa dafi a wanke masa ido da ruwa mai yawa ba ƙaƙƙautawa, kada ya murza, sannan a kai shi asibiti. A asibiti ana zuba jini kaɗan a kwalbar gilashi mai tsabta a ajiye minti 20. Idan bai daskare ba, an san dafi ya shiga jiki, sai a ba da allurar kashe dafi. Wannan allura a asibiti ake yin ta, domin wasu jikinsu yana ƙin ta nan take har sai an yi musu taimakon gaggawa. Kafin ku shiga daji ku tambayi jami'an gandun wane asibiti mafi kusa ne yake da ita a wannan makon, da kuma yadda za a fitar da mutum daga kowane zango.

Ɗan Alkaleri:

Ni a gefen Yankari aka haife ni, don haka zan taɓa wannan ɓangaren. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga baƙi a 1962, ya zama na tarayya a 1991, sannan ya dawo hannun Jihar Bauchi a 2006. A can ba a barin baƙo ya yi ta yawo a ƙasa yadda ya ga dama. A mota ake zagayawa tare da jami'i, ana sauka ne a wuraren da ya amince, kamar kogunan Marshall. Dalili shi ne giwa, wadda aka ƙiyasta saura 100 zuwa 150, kuma da rani suna taruwa a kwarin kogin Gaji. Giwa ba ta da ƙarfin gani amma hancinta da kunnenta ba su da na biyu, shi ya sa mutanenmu suke sakin ɗan garin ƙasa ko toka su ga inda iska ta nufa, su tsaya ta inda ba za ta kai mata warinsu ba. Idan ta baje kunne ta ɗaga kai tana ƙara tana watsa ƙura, kora ce take yi, sai a ja da baya a natse. Idan ta kwantar da kunne ta sunkuyar da kai ta naɗe hanci ta taho shiru, to da gaske take. Uwa mai ɗa, da toron da ruwa yake tsiyaya daga gefen fuskarsa, ba a kusantar su ko a mota.

Amma abin da zai fi damun ku a sansanin Wikki shi ne gwaggon biri. Ruwan Wikki yana da daɗin wanka, ɗuminsa yana kan digiri 31 dare da rana, sai dai duk wanda ya ajiye leda a gaɓa ya shiga ruwa ya yi sallama da ita. Suna shiga ɗaki idan an bar ƙofa ko taga a buɗe. Kada ku ba su abinci, kada ku riƙe leda a hannu a fili, kuma idan babban namiji ya fizge abu ku sakar masa, domin fiƙarsa ta kai ta kare tsawo har ta wuce.

Sai dai ina da ja kaɗan da Hajiya ma'aikaciyar jinya. Kakana ya yi suna wajen maganin maciji, kuma na ga mutane da yawa da aka kawo masa suka tashi. Ina ganin bai kamata a yar da na gida gaba ɗaya ba.

Ma'aikaciyar Jinya, Gombe:

Yaya, Allah ya jiƙan kaka, kuma ban ƙaryata abin da ka gani ba. Bayaninsa shi ne macizai da yawa ba su da dafi mai kisa, kuma ko mai dafin ba kowane sara yake zuba dafi ba, don haka mutum zai warke ko an ba shi magani ko ba a ba shi ba. Matsalar ita ce ba mai iya bambance wannan da wancan a awa ta farko, kuma wanda kububuwa ta zuba wa dafi sosai, awannin da ya yi yana jiran aikin garin magani ko baƙin dutse su ne awannin da jininsa yake tsiyayewa. A yi addu'a, a yi tofi, amma a yi su a kan hanyar asibiti. Game da cizon biri kuma, a wanke shi da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, sannan a je a karɓi allurar rigakafin ciwon haukan kare, ko da ciwon ƙarami ne.

Tsohon Jagora, Serti:

Na manta da abu ɗaya wanda bai kamata in manta ba, wato zuma. Ita ce ta fi tarwatsa mini ayari fiye da kowace dabba. Tana zama a kogon bishiya da tsagar dutse, kuma da rani tana da saurin fushi. Ku bar turare a gida, har da man shafawa mai ƙamshi, kuma kada ku hura wuta ƙarƙashin bishiyar da ba ku duba samanta ba. Idan ɗaya ko biyu suka fara bugun goshinku, ku juya tun kafin sauran su fito. Idan sun taso, a nan ne kaɗai zan ce ku gudu: ku rufe fuska da riga ko rawani, ku miƙe hanya ɗaya ba tsayawa, kada ku tsaya kaɗe-kaɗe, kada ku faɗa ruwa domin za su jira ku a sama. Bayan an tsira a kankare ƙarin da farce ko gefen kati da sauri. Ku tambayi junanku tun yanzu ko akwai wanda harbin zuma yake kumbura wa fuska ko ya toshe masa numfashi. Irin wannan sai ya ga likita kafin tafiya.

Da dare kuma ku ajiye abinci a rufe nesa da wurin kwana, ku binne ko ku ƙone ragowar, ku isa zango tun la'asar don ku ga ƙasar da za ku kwanta a kanta da hasken rana.

Malamin Makaranta, Kano:

Baba Jagora, Hajiya, da ɗan'uwana na Alkaleri, Allah ya saka muku da alheri. Jiya bayan an tashi daga makaranta na tara abokan tafiyata na karanta musu komai. Mun janye maganar bindiga, mun rage kwanakin daji zuwa uku, mun ware kuɗin jami'i da masu ɗaukar kaya da kuma wani abu na ko-ta-kwana saboda asibiti. Tambayar zuma ta fito da abin da ba mu sani ba: ɗaya daga cikinmu ya ce tun yana yaro aka taɓa kai shi asibiti numfashinsa yana sarƙewa bayan harbi biyu kacal, don haka zai ga likita a wannan makon, kuma abin da likitan ya ce shi za mu bi.

Da dare na karanta wa mahaifiyata labarin dorina da buta. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce in kawo mata takalman da tocilar ta gani da idonta kafin ta sa wa tafiyar albarka. Ranar Asabar in sha Allahu za mu shiga kasuwar Ƙofar Wambai mu biyar, kowa ya gwada nasa da safa mai kauri a ƙafa.